Zallajar da Ta Fito Daga Makka

Ku da kuke zama a bencin mai shayi a Shari' Mansur, nan cikin Makka, bayan La'asar, ina jin ku duk sanda na wuce. Wani ya ce, "Ga Ammi Idi can, mai sayar da kayan sanyi a garin da ƙwai ke soyuwa a kan kwalta." Wani ya ce shi da zai sami aikina da ya yi sadaka, mukayyif na hura maka iska mai sanyi tun safe, kana miƙa wa 'ya'yan masu hali katako biyu masu fenti, shi ke nan ka ci abinci. To na ji, ni Ammin naku, wato baffanku. Tunda ku kuka tsokano zancen, ku matsa in zauna.

Abin da nake sayarwa sunansa zallaja. Dogayen allunan nan guda biyu ne da mutum ke ɗaurawa a ƙafa ya gangaro daga kan dutse a ƙasashen da dusar ƙanƙara ke zuba. Kun sha ganinsu a waya. Abin da wayar ba ta nuna muku shi ne mutumin da ya zaɓa wa mai gangarowar allon, ya huda shi, ya ɗaura masa maɗauri, ya wasa gefensa. Idan wannan mutumin ya yi kuskure, shi ba abin da zai same shi. Wani ne can a bayan duniya za a ɗauko a kan makara mai igiya, gwiwa ta juya baya.

Ni a nan Mansur aka haife ni. Mahaifina Bakano ne, ya zo aikin Hajji bai koma ba. Sana'ata ta farko ƙanƙarar bulo. Lokacin Hajji in saɓa ta a kafaɗa cikin buhu, in kutsa tsakanin motocin alhazai a Muzdalifa, tana narkewa tana bin gadon bayana, ina gudu don in sayar kafin jarin ya koma ruwa. Idan alhazai sun watse sai in koma kai wa shaguna. Ɗaya daga cikinsu shagon Abu Nawaf ne, wani dattijon Balarabe da ke sayar da kayan fita daji a bakin hanyar Jidda, tanti da murhun gas da igiya da kular sanyi.

Ɗansa Nawaf ya je karatu Kanada. Ya dawo da takardar shaida wadda har yau ban ga wanda ya gan ta ba, da kuma haukar zallaja wadda kowa ya gani. Ya dami uban da cewa samarin yanzu duk hunturu suna tafiya Turkiyya da Jojiya da Bosniya, suna hayar ruɓaɓɓun kaya a can, me zai hana a sayar musu tun daga gida. Uban ya ware masa kusurwa ɗaya a shagon, don dai kunnensa ya huta.

Kusurwa ta samu, kaya sun iso, babu wanda ya san yadda ake taɓa su. Ana nan sai Nawaf ya je wani otal a unguwar Jarwal ɗauko baƙo. Mai ɗaukar jakunkunan otal ɗin ya buɗe bayan mota zai sa kaya, ya ga zallajar Nawaf a kwance. Ya tsaya. Ya bi gefen ƙarfen da babban yatsa, ya ce da gurgun Larabcinsa, "Wanda ya wasa wannan ya cancanci bulala." Shi ne Mu'allim Bashir, mutumin Kashmir. A ƙauyensu na kan dutse ya yi shekaru yana jagorantar baƙi a cikin dusar ƙanƙara, har fitina ta tashi a yankin baƙi suka ɗauke ƙafa, ya zo nan yana ɗaukar akwatunan alhazai. Kafin wata ya ƙare Nawaf ya mayar da iƙamarsa, wato takardar izinin zamansa, ƙarƙashin shagon.

Mu'allim ya ce yana son mataimaki. Abu Nawaf ya duba ya gan ni ina sauke bulo a ƙofa, ya ce, "Ga Idi. Idi ya san ƙanƙara." Wannan ita ce duk jarrabawar da na ci.

Mu'allim ya kalle ni sama da ƙasa. "Ka taɓa ganin dusar ƙanƙara?"

Na ce, "Na sha kankare ta a jikin firiza."

Ya ce, "Alhamdu lillahi. Aƙalla ba wanda ya riga ni lalata ka."

Aikin farko da ya ba ni shafa kaki ne, irin na kyandir, kuma na daɗe ban wuce kaki ba. Ƙasan zallaja wata roba ce mai shan kaki kamar yadda busasshiyar fata ke shan man kaɗe. Za ka kifa ta a kan bencin aiki, ka matse ta, ka ɗauki dutsen guga marar huji, ka manna masa sandar kaki yana ɗiga a kan robar, sannan ka goge daga kai zuwa wutsiya, ba tsayawa. Ka tsaya ka amsa sallama, robar ta ƙone. Kaki ya yi hayaƙi, wuta ta yi yawa. In ya huce ka kankare shi duka da wani faifan roba, ka bi da buroshi. Ranar farko na tambaye shi me ya sa za mu shafa abu mu kuma kankare shi. Ya ce, "Wanda ya shiga ciki shi ne aiki. Wanda kake gani a waje ƙazanta ne." Ban ƙara tambaya ba, na ci gaba da kankara har tafin hannuna ya yi kanta.

Huda kuwa sai da na shekara kafin ya bar ni na kusanci zallajar mutum da na'ura. Kafin nan katakon akwatunan tanti nake hudawa, ya zo ya zura ƙusa ya girgiza kai. Dalili shi ne, duk aikin da ke shagon nan ana iya warware shi ban da huji. Ka huda ya zarce, ka fasa ƙasan. Ka huda a karkace, mutum zai yi ta gangara kamar kaguwa bai san dalili ba. Akwai ƙarfen awo da ake ɗorawa ya nuna inda bakin na'ura zai shiga, amma ƙarfen ba ya gaya maka ko ka ɗora shi a inda ya dace. Har yau kafin in danna nakan ce bismillah, in sake aunawa, in sake cewa bismillah.

Sai maɗauri, wato abin da ke riƙe takalmi a jikin allon. Aikinsa biyu ne masu gaba da juna. Ya riƙe ka kada ka fita, ya kuma sake ka idan ka faɗi, don ƙafa ta fita kafin ƙashi ya karye. Akwai lamba a jikinsa da ake murɗawa da sukurudireba. Lambar tana bin nauyin mutum da tsawonsa da shekarunsa da girman takalminsa da iyawarsa. Tsawo da takalmi ana gani. Sauran ukun sai an tambaya, kuma ban taɓa ganin inda Musulmi ke sakin ƙarya cikin natsuwa kamar a wannan benci ba. Mai tumbi ya rage nauyi, mai furfura ya rage shekaru, kowa kuma gwani ne. Saboda haka Mu'allim ya ajiye sikelin awon jakunkuna a ƙarƙashin wata darduma. Sai ya ce, "Taka nan mu ga ko takalmin ya zauna," yana kallon ƙasa kamar mai tunani.

Yanzu bari in zo kan abin da kuke cewa miƙa katako. Akwai Majid, jikan Hajiya Ladi mai waina ta layinmu. Kun san shi. Hausarsa ba ta wuce "ina kwana" da "na ƙoshi" ba. Ya sami aiki a Jidda, albashi ya fara shiga, sai ga shi wata rana da waya a hannu. Ya nuna min wani Bature ya diro daga kan tsauni ya nutse a cikin dusa har ƙirji, ya fito yana iyo a kanta. Ya ja hoton gaba, ga wani yana juyi a iska ya sauka da baya a kan doguwar sandar ƙarfe.

Ya ce, "Ya Ammi, wannan nake so. Mafi faɗi a shagon. Wadda za ta yi duka biyun."

Na ce, "Ina za ka?"

"Jojiya."

"Wane wata?"

Ya faɗa.

"Ka taɓa hawa?"

Ya ce sosai ma, ya hau a cikin wani babban kanti a Dubai, inda aka yi tudun ƙanƙara a ɗaki, ga gidan abinci a gefe.

Na sauko da allo uku na jingina a bango. Na ce ya dubi ƙugunsu, wato tsakiya inda ƙafa ke zama. Na farko siririya ce, ba ta fi yatsu huɗu ba. Ta ƙarshe ta fi tafin hannuna. Na ce masa dusar da ya gani a waya, wadda Mu'allim ke kira budra, sabuwar zuba ce, laushinta kamar garin da aka tankaɗe. Siririyar zallaja nutsewa take yi a ciki, mai faɗi kuwa ta ɗauke ka a sama, kamar yadda tafin raƙumi ke hana shi nutsewa a yashi. Amma budra ba kullum ake samunta ba. Yawancin kwanaki abin da zai taka ƙanƙara ce da mota ta daddaɓe, mai tauri kamar daɓen siminti. A nan mai faɗi takan zama azaba. Kafin ka karkata ta daga wannan gefe zuwa wancan, gwiwarka ta gaya maka.

Na dafa tsakiyar ɗaya na danna, ta lanƙwashe ta dawo. Na ce wannan laushin shi ne wasan. Da shi yara ke dogara a kan kai ko wutsiya su yi juyi. Amma ka sake ta da gudu a kan tauri, sai ta riƙa karkarwa kamar mai zazzaɓi. Na nuna masa yadda kai da wutsiya duka suka ɗaga sama, don mai sauka da baya kada wutsiya ta caki ƙasa. Na kwantar da ita a kan benci ya ga yadda ƙarshenta biyu suka bar katako kamar ayaba. Saboda haka ne ake ɗaukar mai ɗan tsawo, tunda ba dukanta ke taɓa ƙasa ba.

Na ce, "Saura huji. Mai filin tsalle a tsakiya cif ake ɗaura masa, don gaba da baya su zama ɗaya. Mai budra kuwa ana ja da shi baya, don kan ya ɗaga kada ya nutse ya kifa da kai. Gefen ƙarfen ma haka. Mai hawa sanda dakusar masa ake yi, kada ya kama ƙarfe ya watsa shi. Mai gangara a tauri kaifi yake so. To kai wanne zan huda maka?"

Ya ce, "Duka."

Na ce, "Ɗana, taura biyu ba ta taunuwa."

Mu'allim yana can yana wasa gefen wata, bai ɗago ba ya ce, "Ba shi kwale-kwalen ya tafi." Haka yake kiran masu faɗin, kwale-kwale. Ya tsane su. A cewarsa a zamaninsu zallaja siririya ce miƙaƙƙiya kamar sandar makiyayi, wanda ya iya ya iya, wanda bai iya ba ya zauna a gida ya sha shayi. Waɗannan kuwa an yi su ne don rago ya ga kamar shi ma namiji ne. Yana sayar da su, amma fuskarsa kamar mai miƙa maganin tsutsa.

A ƙarshe na shawo kan Majid ya ɗauki ta tsakiya, mai matsakaicin faɗi, mai ɗagaggen kai da wutsiya. Na huda ta kaɗan baya da tsakiya, na bar mata kaifi a ƙarƙashin ƙafa na dakusar da ƙarshenta. Jemage ke nan, ba tsuntsu ba, ba ɓera ba, amma yana tashi. Ya dawo bayan hutu ya kawo ta a shafa kaki, ko ƙwarzane babu. Ashe duk kwanakin a filin koyo ya yi su, yana bin bayan wata malama a layi ɗaya da yara masu majina. Amma kada ku yi dariya da yawa. Ya koma a shekara ta gaba, ya sake komawa. Yanzu idan ya kawo ta sai na narka roba na cike ramukan da duwatsu suka yi mata, kuma shi ke gaya min yadda sabbin samfura suke a ƙafa, tunda ni a hannu kawai na san su.

Haka muka yi shekaru. Kusurwa ta cinye rabin shago. Da zafi mu gyara tanti, da an ce hunturu ya kusa sai layi. Na ga wanda ya zaɓi zallaja don ta dace da launin rigarsa. Na ga wanda ya sayi mafi tsada ya rataye ta a bangon majalisinsa kusa da takobin kakansa. Mu'allim ya fara sallah a kan kujera saboda gwiwa, amma hannunsa bai taɓa rawa a kan na'ura ba.

Sai shekarar korona. A farkon shekarar Nawaf ya yi odar kaya mafi yawa da muka taɓa yi, kusan duka masu faɗi, don su ake yayi. Kaya suka sauka, jirage suka tsaya. Aka rufe gari, aka hana fita dare da rana. Kun tuna, har Harami ya zama ba kowa. Abu Nawaf ya ce a kashe mukayyif na sito, ba za a riƙa sanyaya katako ba mutane na zaune a gida. Ranar da aka bari muka buɗe, warin roba ne ya fara tarbar mu. Kaki ya narke ya haɗe da kwalinsa. Takalma sun saki gam. Allunan da ke jingine da bangon kwano fatarsu ta ɗago kamar ɓawon ayaba. Mu'allim ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana shafawa.

Nawaf ba ya rasa dabara. Ya ce tunda an hana mutane zuwa wajen ƙanƙara, ai muna da yashi. Mai faɗin da ke iyo a budra za ta yi iyo a tudun rairayi. Ya sa aka loda waɗanda suka tsira a mota, muka riƙa fita wajen gari ta hanyar Lais muna ba samari haya. Mu'allim ya ce ko za a kore shi ba zai je ya ga wannan ta'asa ba. Ni na je. A can ne ma na taɓa ɗaura zallaja a ƙafata, karo na farko kuma na ƙarshe, bayan shekarun da na yi ina gaya wa mutane yadda ake yi. Na yi tafiyar da ba ta fi tsawon tabarma biyu ba, na kifa, na tashi ina tofar da yashi, yara na tafi. Yashi kuwa yana cin ƙasan zallaja kamar magagari. Duk wadda ta je sau uku ta gama aiki. Mun sami na cefane, mun kashe kaya.

Bayan Babbar Sallah Abu Nawaf ya kira mu ofishinsa, ni da Mu'allim. Ya zuba mana gahawa da hannunsa, abin da bai taɓa yi ba, sai na san babu lafiya. Ya ce shago ba zai iya riƙe mutum biyu a wannan kusurwa ba. Ɗaya zai tsaya. Ya ce kunya ta hana shi zaɓa.

Ni ina da yara a makaranta, kuma shekaruna sun wuce saɓa bulo. Mu'allim kuma shi ne mai sana'ar, ni a hannunsa na tsince ta. Kowa ya san wanda ya kamata a riƙe.

Mu'allim ya ajiye finjali. Ya ce, "Abu Nawaf, ka buga min bizar fita ta ƙarshe, in koma gida. Jikata ta kusa shiga makaranta ban gan ta ba sai a waya. Wannan kuma," ya nuna ni da haɓa, "ya daina ɓata kaya. Kusan."

Abin da na ji a raina ba shi ne darasin yau ba.

Nawaf ya ce kafin Mu'allim ya tafi ya zaɓi duk zallajar da yake so a shagon, kyauta. Mu'allim ya nufi bango kai tsaye ya sauko da wata siririya mai tauri, irin ta 'yan tsere, wadda ta shekara biyar ba a taya ba. Na karɓe ta daga hannunsa na mayar.

Na ce, "Mu'allim, zauna a bencin masu saye."

"Kai, Idris."

"Zauna. Ina za ka?"

Ya harare ni, amma ya zauna. "Gida."

"Wace irin ƙanƙara ce a gida?"

"Budra. Har ƙirji. Irin wadda ba ka taɓa gani ba kuma ba za ka gani ba."

"Gwiwa fa?"

"Lafiyarta ƙalau."

Mutumin da nake ɗaukar wa kujera zuwa masallaci ke nan. Na tambayi nauyinsa, ya faɗi wanda ya zo da shi daga Kashmir, kamar duk shinkafar mandin da muka ci tare a jikina ni kaɗai ta zauna. Na ce ya taka darduma mu ga ko takalmin ya zauna. Ya dube ni, ya dubi dardumar, ya yi wata magana da yarensu wadda na tabbata ba addu'a ba ce. Amma ya taka.

A cikin duk masu faɗin, guda ɗaya ce ta tsira daga zafi da yashi, don tana cikin ledarta a ƙarƙashin benci, ba wanda ya so ta. Faɗinta ya fi tafin hannu, laushi kamar bulala, kai da wutsiya a sama. Launinta kore da ja, an zana mata yankakkiyar kankana tun daga sama har ƙasa, har da 'ya'yan. Na ɗora ta a gabansa.

Ya ce, "In shiga ƙauyenmu da wannan? Ni? Mutanen da suka san ubana suna raye."

Na ce, "Siririyar can tana son gwiwar saurayi, kai ka koya min. Wannan ita za ta ɗauke ka, ba kai za ka ɗauke ta ba."

Na auna, na ja hujin baya sosai don kan ya ɗaga, na huda yana tsaye a kaina yana numfashi a wuyana. Da na zo lamba ya ce in sa tara. Na sa biyar.

"Wannan lambar tsofaffi ce."

"Na'am, Mu'allim."

"Ina sauka zan murɗe ta."

"Gwiwarka ce. Amma a shagon nan sukurudireba tana hannuna."

Na naɗe ta a bargo na raka shi filin jirgin Jidda. Ma'aikacin awo ya tambaye shi mene ne, ya ce katako ne.

Sai da hunturu ya yi nisa sannan ya kira ni ta bidiyo. Ina shago ni kaɗai ina gyaran zik ɗin tanti. Na ga fari fat ta ko'ina, sai ga gemunsa ya cika fuskar wayar, ƙanƙara ta daskare a jiki. Ko sallama bai gama ba ya hau faɗa. Ya ce ranar farko ya faɗi a gaban jama'a, maɗaurin ya sake shi kamar an tsinke igiyar akuya, allo ɗaya ya gudu shi kaɗai har bakin rafi, sai da yara suka bi shi.

Na ce, "Ƙafar fa?"

"Ƙafa lafiya."

"Ka murɗe lambar?"

Ya yi kamar layin ya katse. Can ya ce sukurudirebar gidan ta ɓata. Sannan ya juya wayar ya miƙa wa wani, na gan shi ya gangara cikin itatuwa, dusa na tashi ta kafaɗunsa, kankana na leƙowa tana ɓacewa. A shekarun da muka yi tare ban taɓa ganinsa a kan abin da yake koya min ba sai ran nan. Ba ya ko motsa jiki, kamar dutsen ne ke kauce masa. Da ya dawo yana haki na ce yaya kwale-kwale. Ya ce, "Abin raggaye ne. Kamar an ɗora mutum a kan katifa." Ya share gemu. "Kullum ina fita."

Sai ya rage murya ya ce akwai matsala. Tun da labari ya bazu cewa daga Makka zallajar ta zo, ba ya samun sukuni. Ranar Juma'a in ya jingina ta a bangon gida, tsofaffi sai su biyo su shafa ta su shafa a fuska. Wata tsohuwa ta kawo jikanta mai tari ta ce a taɓa masa ita a ƙirji. Ya ce ya yi musu wa'azi har muryarsa ta dushe, ya ce wannan ba addini ba ne, katako ne da roba, a Turai aka ƙera shi, ga kankana ma a jiki. Wani dattijo ya ce masa, "Bashir, ni da na je Hajji sati uku na yi a Makka. Wannan ta fi shekara a can. Wa ya fi wani?"

Na yi dariya har zik ɗin ya faɗi. Shi bai yi ba. Ya ce in bar dariya in saurara. Jikarsa ta isa hawa, yana son in nemo mata 'yar ƙarama. Na ce ai a can ma ana sayarwa, ga su nan a ƙofar gidansa. Ya ce ya sani, amma uwar yarinyar ta ce in ba ta Makka ba 'yarta ba za ta hau ba.

"Wace iri?" na tambaya.

"Mai faɗi," ya ce, ya kashe wayar.

Na nemo ta, na huda, na ɗaura maɗauri, na shafa kaki na kankare. Na naɗe ta a kwali na kawo nan Mansur, ofishin aika kayan nan da ke bayan mai shayi, inda alhazai ke tura dabino da dardumai da jallabiyoyi. Yaron da ke karɓa, wani Bazindire, ya ɗaga ƙunshin ya jijjiga, ya ce, "Baba, sandar liman ce?"

Na ce, "Tsarabar Makka ce."

Ya karɓa da hannu biyu, ya kwantar da ita a hankali a kan kwalayen dabino, ya ce, "Allah ya sa albarkar ta isa inda za ta."

Na ce amin.